Ɗan Mutane

Mahaifiyata Tasalla mai daddawa ce a wani ƙauye kusa da Tozai. Kunya gare ta irin ta mutanen da, har ta wuce misali. Ni Maliki ni ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. In tana nemana sai ta ce, "Ina wancan?" Kowa kuwa ya san wancan, don duk garin babu mai tsawona, babu mai cina.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, malaman ƙidaya suka zo. Mahaifinmu ya tafi cin rani, sai Inna ta amsa musu daga bayan zana.

"Ɗiya nawa gare ki?"

"Ukku."

Ga ni tsaye gabansu zanƙalele. Malamin ya nuna ni ya ce, "Wanga fa?"

"Ɗan mutane na," in ji ta.

Ni kuma sarkin ladabi na sunkuyar da kai, ina jin daɗi baƙi sun ga tarbiyyar gidanmu. Ashe yawancin iyayen garin haka suka yi. Da bakinmu muka share 'ya'yan farinmu daga lissafin ƙasa, muna yabon kanmu.

Da yunwa ta kai intaha aka kawo dawar agaji, aka ce da wannan lissafin aka tsara rabo, kowane kai da awonsa. Gidanmu baki biyar, aka auna na huɗu. Na tafi wurin rabon ina kumfar baki. Mai awo ya dube ni ya ce, "Uwakka ta ce kai ɗan mutane na, tai ka nemi mutanen." Aka bushe da dariya, har da sauran 'ya'yan fari, abokan asarata.

Duk da haka kullum ƙanwata Saude na kawo mini akushi cike. Ina sharewa, har in yi ƙorafin miya. Sai da na ga awarwaron Inna yana zamewa daga hannunta na gane tuwon wa nake ci. Kunya ta kama ni, na mayar da akushin.

Inna ta juya mini baya ta ce wa Saude, "Hwaɗa ma wancan, ni anka rubuta. Rabona na, kuma na ba wanda nis so."

Na zauna na cinye ina hawaye. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba.