Gidanka Ne

Garinmu ƙarami ne, can gefen Buza, ba shi da komi sai tsaunuka da ramukan da ake haƙar farin dutsen da ake kai wa masu yin siminti. Da muna yara, lokacin sanyi, da an gama tuwon magariba kakarmu Hajo takan hura wutar kara ƙofar bukkarta, mu kewaye ta tana yi muna tatsuniya. Dab da bukkar akwai wani babban gida na dutse da laka, mai zaure biyu, wanda duk gari ke kira Gidan Patoro.

Wata rana bakina ya suɓuce na faɗi sunan nan gabanta. Wayyo! Ta ɗaga karan da take tona wuta da shi kamar za ta zabga mini.

"Gidan wa? Kai, angon banza! Patoro ya taɓa aza dutse guda bisa kainai? Zamna. Yau babu kura, babu zomo, ta gidanmu za ku ji."

Tac ce kakanmu Ila ne ya gina shi da hannunsa. Shi ke sauko da duwatsu daga tsauni, ita ke ɗebo ruwan kwaɓi daga rijiya, da cikin babanmu jikinta. Da aikin haƙa ya buɗe, sai ga wani mutum daga birni da kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, yana sayen dutse. Shi ne Patoro, wato mai gidan aikin. Ba shi da masauki, kakanmu ya share masa zaure, ya faɗa masa abin da kowa ke faɗa wa baƙo, a gaban jama'a: "Sauka, gidanka ne."

Patoro ya sauka. Daga zaure ya ci ɗaki, daga ɗaki ya jibge buhuna a tsakar gida. Ana nan rami ya rufta da kakanmu. Ba a ko yi sadakar arba'in ba, mutumin nan ya tafi gaban kumandan mai mulkin yankin yac ce mamaci ya ba shi gidan kyauta. Anka kira dattawa ukku, anka aje Alƙur'ani, tafinta ya yi musu tambaya guda: kun ji Ila ya ce masa gidanka ne?

"Sun ji mana!" in ji Kaka. "Mi za su ce, ga Littahi gabansu? Ni ko ina ta kuwwa, ina hwaɗin ko maƙiyinka yaz zo haka kake ce mai. Tahinta bai ko juya maganata ba. Da takaba jikina anka hidda ni. Allah ya isa!"

Muna ta jiran wurin da mugu zai ga ta kansa kamar yadda anka saba a tatsuniya. Nac ce, "Kaka, daga nan sai mi?"

"Daga nan sai ka tashi ka ba ni wuri."

Ƙarshen da idona na gan shi. Da cinikin dutse ya ja baya, Patoro ya datse ƙofa da kwaɗo ya tafi abinsa. Kaka ta roƙi mai gadinsa ya bar ta ta yaɓe bango kafin damina, ya hana. Tana zaune tana kallo rufin ya faɗa ciki, zaurukan sunka bi shi.

Yanzu ina Madawa, da gidana, da furfura, amma wallahi haushin bai huce ba. Baƙo ya zo, zan ba shi ruwa, in shimfiɗa tabarma, in yanka masa kaza. Bara abokina na ƙuruciya, Idi, ya zo tun daga garinmu, ya riƙe hannuna a bakin ƙofa yana murna. Na buɗe baki in ce masa gidanka ne, kalmomin sunka maƙale, sai kawai nac ce, "Shigo."

Da ya tafi matata tac ce, "Malam, haka ake tarbar ɗan'uwa?"

Yaya zan gaya mata Patoro, mutumin da ya mutu tuntuni, har yau shi ke riƙe da harshena?