Kankaren da Sauda ta daka a turmi

Sauda ba ta gama karatu ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Shekara biyu ta yi a kwalejin fasaha tana koyon aikin gine-gine da hanyoyi, ta faɗi lissafi sau biyu, aka sallame ta. Da wata ce, da ta ce ciwo ne ya dawo da ita. Ita kuwa ko a gidan suna aka tambaye ta sai ta ce, “Faɗuwa na yi.” Mutanen Gumel suka riƙe mata wannan. Injiniya suke kiranta, ba don girmamawa ba.

Ba wanda ya tambayi abin da ta ci. Ta ci gwajin kankare. An koya musu a zuba kwaɓi a ɗan akwatin ƙarfe, a jiƙa shi kwana ashirin da takwas, sannan a sa a inji a matse shi har ya fashe. Mai kyau da ƙara yake fashewa. Marar kyau shiru yake zubewa.

Bayan ta yi aure ta kama koyar da matan aure a Islamiyyar kawunta, Alhaji Sallau, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma. Shekararta tara a aji ɗaya. Bana ɗalibai suka yi yawa, Alhaji ya ɗora bene a kan ajin. An zuba rufin kankaren a tsakiyar bazara, da yashin da aka kwaso a bakin hanyar Gagarawa, mai laushi kamar gari. A makon famfon unguwa ya lalace, 'yan garuwa suka yi wuya, sau biyu kacal aka yi wa rufin ban ruwa. Bayan kwana tara aka cire katakon da ya tokare shi, don ana jiransa a wani gini a Maigatari.

Tun ranar zubin Sauda ta miƙa wa Sabi'u magini gwangwanin madara, ta ce ya cika mata da kwaɓin.

“Injiniya, tuwo za ki tuƙa da shi?” in ji shi.

Ta ajiye gwangwanin a kan rufin. Ya sha ranar da rufin ya sha, ya sami ruwan da rufin ya samu. Da kwana ashirin da takwas suka cika ta yanke gwangwanin, ta sa dunƙulen a turmi a gaban Alhaji. Sau ɗaya ta sauke taɓarya, ba ma da ƙarfi ba. Ya wargaje kamar dambu.

“Kawu, wannan ne a kanmu.”

“Turmi ne injin naku?”

“Injin ya fi turmi ƙarfi, Kawu.”

“Sabi'u shekara talatin yana gini. Ke biyu kika yi aka koro ki.”

“Lissafi na faɗi.”

“To gini ba lissafi ba ne? Tashi, 'yar nan.”

Ta tashi.

Bayan ruwan farko tsaga ta fito a tsakiyar rufin, siririya kamar zare. Sauda ta taka benci, ta ja layi da fensir a inda tsagar ta tsaya, ta rubuta kwanan wata, yadda aka koya musu. Bayan mako guda tsagar ta wuce layin da taƙi ɗaya. Ta sake jan wani. Ta wuce shi ma. Mata suna karatu, yashi na zubo musu a kan littafi, su hure su ci gaba.

Ran Asabar za a yi walimar sauka. Mata arba'in da ɗaya ne suka sauke, an gayyato dangi har daga Sule Tankarkar. Alhaji ya tsara manya su hau sama, inda iska take, yara da kulolin abinci a ƙasa, cikin ajin. Ran Laraba aka shafa fenti, layukan fensir suka ɓace, aji ya yi fes. Ran Alhamis da safe Sauda ta buɗe ƙofa ta ɗaga kai. Tsagar ta keto sabon fentin, ta kai bango.

Ba ta koma wurin Alhaji ba. Ta ɗauki mayafi ta bi gidajen ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, cikin rana, tana gaya musu rufin nan ba zai ɗauki nauyin taro ba. Wasu suka saurare ta, wasu suka bi ta da kallo. Ummukulthum, wadda ta fi kowa shekaru a cikin masu saukar, ta ce, “Malama, shekara shida ina jiran ranar nan. Kuma ke da bakinki kika ce ba ki gama karatun ginin ba.”

“Ban gama ba, Iya,” in ji Sauda. “Ba cewa na yi kada ku zo ba. Ku zo, ku shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. In kuma kunyar Kawu ta sa dole sai kun hau, to ku bar mini yaran a waje, ƙarƙashin darbejiya. Ni zan riƙe su. Ko na goye ne ku kwance ku miƙo mini.”