Keken da Aka Jingina a Tsamiyar Namadi

Maccido mutumin Banga ne, kuma bai taɓa mallakar gonar da za ta ciyar da gida har shekara ta zagayo ba. Abin da yake da shi shi ne baƙin keke Rali da sanin hanya. Da damina yakan bi rugage da ƙauyukan wajen Zurmi yana sayen ƙwan zabi, ya jera shi a kwando cikin ƙaiƙayi, ya ɗaure a kariyar bayan keke, ya kai Kaura Namoda. Da jirgin ƙasa ya rage zuwa, masu sayen ƙwai a tasha suka watse, sai ya koma kai kayansa kasuwar Alhamis ta Shinkafi.

Wanda ya shiga mota ba zai san ƙasar nan tudu da gangare ce ba. Mai keke ya sani, cinyoyinsa ke gaya masa. Maccido ya san tudun da ake sauka a tura, da gangaren da ba a sakin birki in akwai ƙwai a baya. Ya san inda yashi ke cin taya kusa da gulbin Gagare, da kukar nan mai rami da ake fakewa in hadari ya taso, da duwatsun da birai ke zama suna kallon masu wucewa. A kan wasu tuddan, in gero ya fara fitar da kai, mutum na iya hango fadama da giginyoyinta har inda ido ya gaji. Ya ce shi ba kallo ke fitar da shi ba, amma ba ya wuce wurin bai tsaya ya sha ruwa ba.

A wata mararraba bayan Kaura akwai tsohuwar tsamiya, a gindinta rumfar Namadi mai faci. Masu keken hanyar suna da wata al'ada a nan tun kafin a haifi Maccido. In mutum zai shiga gona ko zai kwana a ƙauyen kusa, kuma bai damu a ari kekensa ba, sai ya jingina shi a jikin tsamiyar, kansa na duban hanya. Wanda nasa ya lalace yana cikin sauri sai ya ɗauka, ya bar nasa a rumfa, ya rataye hularsa a kan keken da ya bari. Hular ita ce shaida, domin a hanyar kowa ya san hular kowa. Wanda ba ya son aro sai ya kwantar da kekensa a ƙasa. Ba a taɓa jin keke ya ɓace a wurin ba.

Da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara, baƙin fuskoki suka yawaita a hanya. Da aka ƙaddamar da Shari'a, Maccido na cikin waɗanda suka yi murna, har ya manna wa kekensa takarda mai kalmar shahada. A farkon shekarar dubu biyu labari ya zo cewa an yanke wa wani mutum hannu a kan satar saniya. Daga nan hira ta canza a gindin tsamiya. Mutane suka fara rage murya in an ambaci kayan wani.

Wata Laraba cikin daminar shekarar, sarƙar keken Maccido ta tsinke a tudun da ke gab da mararraba. Ya turo shi zuwa rumfa, ya tarar Namadi ya tafi jana'iza. Ƙwai ba ya jira, kasuwa kuma gobe ce. A jikin tsamiya akwai wani keke sabo, jingine, kansa na duban hanya. Bai san mai shi ba, amma bai ga abin tambaya ba. Ya mayar da kwandonsa kan sabon keken, ya rataye jar hularsa a kan nasa, ya kama hanyar Shinkafi da kai a buɗe.

Keken na wani ɗan kasuwa ne mai suna Mubashir, wanda bai daɗe da tarewa a Kaura ba. Ya zo duba gonar da yake son saye, ya ga inuwa, ya jingina kekensa. Bai taɓa jin labarin hula ba. Da ya dawo bai ga keke ba, sai ya kai ƙara.

Ranar Juma'a Maccido ya dawo da keken a wanke, ya zuba masa mai, ya ware ƙwai a leda na godiya kamar yadda ake yi. Ya tarar da mutane a gindin tsamiya, ciki har da samari masu aikin sa-kai na kula da Shari'a. Ɗayansu ya tambaye shi ko shi ya ɗauki keken nan.

"Ni naɗ ɗauke shi," in ji Maccido. "Ina mai shi, in yi mai godiya?"

A gaban mutane ya faɗa, kuma aka riƙe maganar a matsayin amsa laifi. Da ya ce aro ne, sai aka tambaye shi wa ya ba shi aron. Ya ce ba kowa. Da ya ce ai ga shi ya dawo da shi, wani ya ce tsoro ne ya dawo da shi. Aka tafi da shi Kaura aka tsare.

Matarsa Bara'atu ta je ganinsa. Ta ce abin da ta fi tunawa shi ne yadda ya riƙa ɓoye hannunsa na dama a cikin riga yana magana da ita, kamar wanda ke jin sanyi. Ya gaya mata ta nemi abokan hanya su zo su faɗi al'adar tsamiya. Ta aika wa waɗanda ta sani. Wani ya ce yana noma, wani ya ce ƙafa ke damunsa. Ɗaya ya faɗa mata gaskiya: duk wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce haka ake yi, ya faɗa da bakinsa cewa shi ma ya taɓa ɗaukar keken wani ba izini.

Saura Namadi. Bara'atu ta je da ƙafa, ta same shi yana goge tayar da ba ta bukatar gogewa. Keken mijinta na bayan rumfa an lulluɓe shi da buhu, ba hula a kansa. Tsohon ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ce an fara cewa rumfarsa matattarar ɓarayi ce, ya ce shi ma yana da iyali, ya ce ranar ba ya nan, me ya gani da zai shaida?

"Baba, ban ce ka hwaɗi abin da ba ka gani ba," in ji ta. "Hular tana wurinka ko ba ta wurinka?"

Ya ci gaba da goge tayar. Ta zauna a ƙasa ta ce za ta jira. Har la'asar tana nan, masu keke na wucewa, ba wanda ya tsaya ko ya buga ƙararrawa kamar da. Daga baya Namadi ya ɗaga akwatin kayan aikinsa, ya ciro jar hular, duk ta yi baƙin mai.

Ranar shari'a kotu ta cika har taga. Mutane da yawa sun zo ne don su ga ko za a yanke hannu. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya sa Namadi ya rantse, ya saurari labarin tsamiya da hula, ya juya hular a hannunsa. Sai ya tambayi Mubashir ko ya kulle keken, ko ya damƙa wa wani ajiya, ko ya shigar da shi wani gida. Mubashir ya ce a'a, a bakin hanya ya bar shi.

"Da ka zo rumfar, ka ga wani keke da hula a kai?"

"Na gani, Allah gafarta Malam. Na zaci mai faci ne ya manta hularsa."

Wasu suka yi dariya, alƙali bai yi ba. Ya ce kayan da aka bari a hanya ba tsaro ba a yanke hannu a kansu, kuma mai niyyar sata ba ya barin kekensa da hularsa. Ya sallami Maccido. Amma ya ƙara da cewa kada ya sake jin an ɗauki abin wani don tsamiya ta ba da izini, tsamiya ba ta da baki. Ya dubi Namadi lokacin da yake faɗin haka.

Maccido ya koma hanya kafin damina ta ƙare. Yanzu yana tafiya da sarƙa ta biyu a jaka da kwaɗon kulle keke a kariya. Sunan ɓarawo bai bar shi gaba ɗaya ba: a wasu rugage matan da suka saba miƙa masa ƙwai ya ƙirga da kansa sun koma tsayawa a kansa har ya gama. Namadi ya ɗauke rumfarsa ya koma cikin Kaura. A gindin tsamiya ba a jingina keke, ba a kwantar da shi. Mai wucewa yana wucewa ne kawai.

Maccido ya ce a da, in ka hango mai keke daga kan tudu, ka san shi tun bai iso ba, ka san inda za shi da wanda zai tambaya in bai dawo ba. Yanzu hanya ta cika da mutanen da ba wanda ke tambayarsu. A kakar da ta biyo baya ya iske wani mutum a gangaren kuka yana tura keke mai tsinkakkiyar sarƙa, rana ta yi sanyi, gari da nisa. Bai san fuskarsa ba. Mutumin ya ɗaga masa hannu. Maccido ya ce ya taɓa jakarsa, ya ji sarƙar tana ciki, ya yi masa sallama daga nesa, bai taka birki ba.