Dattijon da Ba Ya Juya Fallensa

Yana tsaye a ƙofar shagon waldar Don Eusebio a garin Salta, ya manna fallen alminiyon a ƙirji kamar mai kare jifa. Dattijo ne siriri mai farin gashin baki, takalmansa sun sha jar ƙasar kan dutse. A waje ya ajiye 'yar tirelar kwana, irin wadda ake ja da mota, da ya ƙera da hannunsa, mai siffar ɗigon hawaye. Murfin baya ne kawai ya rage a sa masa falle, haƙarƙarin katako tsirara.

Don Eusebio yana nuna masa sabon falle, amma ko kallo bai ishe shi ba.

"Wannan nawa za ka lanƙwasa mini, maigida. Ruwa ba ya cin sa, rana ma haka."

"A ina ka samo shi, baba?" in ji Don Eusebio.

"Tsintuwa."

Ni dai ina gefe ina kurɓar mate, shayin ganyen ƙasar nan, idona na kan dattijon. Ramukan noti biyu na fallen a yage suke, kuma duk inda ya juya, fuska ɗaya yake nuna mana. Mai tsintuwa ba ya irin wannan ɓoyo.

Iska ta taso, fallen ya karkace. Ɗaya fuskar rawaya ce, da baƙar kibiya a lanƙwashe, irin allon bakin titi.

"Fentin ta ciki za ka sa," in ji dattijon, ko gezau.

Wataƙila jikoki zai kai yawo. Amma can kan dutse akwai wata muguwar kwana da yanzu babu mai gargaɗin direba a kanta, kuma shi ma ta nan zai bi.