Dyado Stamat da Baƙaƙen Ƙwai

Gari bai gama wayewa ba Dyado Stamat, wato Kaka Stamat da harshenmu, yana tsakiyar gonar alkamarsa, wando ya jiƙe sharkaf da raɓa, yana sharar kan zangarniya da raga. Ragar ma tsohon labulen matarsa ne ya ɗinke a bakin waya. Da sanyin safiya ƙwaro ba shi da kuzarin tashi, shi ya sa ba ya bari rana ta ɗaga.

Ƙarfinsa ya ƙare ne wajen ɗaukar buhu a rumbun hatsin ƙauyenmu na Dobruja, a can bayansa ya lanƙwashe. A can kuma ya fara tsintar ƙwari, don kawai ya san wane ne wane. Yanzu ɗakin ajiyarsa cike yake da kwalayen takalma, kowane ƙwaro soke da allura. Wanda bai gane ba sai ya jefa a kwalba, ya yi ta leƙensa da gilashi har ya samo shi a littafin hotunan da 'yarsa ta aiko daga Varna.

"Kwalaben tumatir ɗina duk sun ƙare a kan dangin mijina," haka matarsa Velika ke faɗa wa duk wanda ya shigo gidan.

A wannan shekarar ne kuɗin-cizon alkama ya sauka. Shi wannan ƙwaro soke ƙwayar yake yi tun tana ɗanya. Garin alkamar zai yi kyau a ido, amma kwaɓin ba ya tsayawa, sai ya malale kamar kunu. Ga shi jikarsu ta fara dafa bango. Ranar da ta taka da kanta dole a gasa burodi zagayayye, a mirgina shi a gabanta ta bi. Velika ta rantse da alkamar gonarsu za ta yi shi.

Mityo mai tarakta ya tsaya a bakin gonar da tankin feshi, Velika na biye da shi.

"Dyado, kowa ya fesa sai kai. Ko ka ba ƙwarin hayar gonar ne?"

Stamat ya tsinko ganye ya miƙa masa. Ƙwan ƙwaron ne jere a layi biyu.

"Wane launi ka gani?"

"Baƙi."

"Lafiyayyu kore suke. Waɗannan wata 'yar rina ce da ba ta wuce kan allura ba ta yi nata ƙwan a ciki, ta kashe su. In ka fesa, har ita za ka kashe."

"Rina!" Velika ta tafa hannu. "Tsohon nan, in burodina ya baje a tanda, kai zan mirgina a gaban yarinyar."

"Ai ya riga ya lanƙwashe, ba zai yi wuya ba," in ji Mityo, ya ja taraktarsa yana dariya.

Gaskiya shi ma Stamat ba shi da tabbas. Akwai korayen ƙwai da bai nuna musu ba. Bai ƙara musu da kowa ba, sai dai kullum asuba yana cikin gona, yana bin layi-layi, yana tsince koraye da hannu, yana barin baƙaƙe. Waɗanda suka ƙyanƙyashe ya kakkaɓe su a raga ya zuba a ruwan gishiri. Da ya dawo gida Velika ke cire masa takalmi, don ba ya iya sunkuyawa. Tana cirewa tana masifa, tana tura masa miyar wake.

Aka yi girbi, aka kai niƙa. Yarinya ta taka ana tsinkar inabi. Velika ta kwaɓa, ta rufe da tawul, Stamat ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Burodin bai tashi kamar na bara ba, amma ya tsaya da gefensa.

"Zai mirgina," ta ce. "Kada ka yi mini murmushi."

Aka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, burodi ya gangara, yarinya ta bi shi tana tangaɗi har ta faɗa kansa. Mata suka gutsuttsura shi za su ruga rabo gida-gida, don yarinya ta tashi da sauri a ƙafa. Aikin mata ne, amma Stamat ya fizgi gutsure guda. Ganina da shi na ƙarshe ke nan kafin aiki ya mayar da ni birni: a lanƙwashe, yana gudu-gudu sauri-sauri zuwa gidan Mityo, Velika na ƙwala masa kira ya dawo ya sa hula.