Lugude a Masussukar da Aka Rufe

Haƙƙi ne a kan duk wanda ya kafa ƙarfen sabis a tsakiyar jama'a ya auna tiririn da ƙarfen ke watsawa, sannan ya tara mutanen wurin ya faɗa musu sakamakon da harshen da suke ji. Haƙƙi ne kuma a kan hukumar da ta ba shi izini ta tabbatar an yi hakan. A garinmu, wanda ke cikin ƙauyukan yankin Ɗambatta, ba a sauke ko ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi biyu ba, kuma a dalilin haka ne abin da zan ba ku labarinsa ya same ni. Ni duba-gari ne mai ritaya. Na ƙare shekarun aikina ina rubuta abin da idona ya gani, ban taɓa sa hannu a kan jita-jita ba, kuma Allah shi ne shaidata cewa ban ƙara komai a cikin wannan labari ba.

Wanda ya san yankinmu ya san ba mu da filin banza. Gona tana jingine da gona, gida yana jingine da gona, ko akuya ba a saki da damina. Fili ɗaya ne ya rage na kowa da kowa, wato masussukar da ke gabas da gari, inda mata ke kafa turamensu idan kaka ta yi. Da kamfanin waya ya zo neman wuri, sai aka yanka masa gefen wannan fili, aka kafa ƙarfen, aka kewaye shi da waya, aka ajiye janareto. Ba zan ɓoye ba, mun yi murna, domin kafin nan sai mutum ya hau tudun makaranta yake samun sabis.

Shugabar matan masussuka yayata ce, Yaya Abu, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita da ƙawarta Ladi, Kirista daga unguwar da ke bayan rafi, tun suna 'yan mata suke haɗa turmi ɗaya. Yawancin matan wurin tsofaffi ne da zawarawa, kuma da ɗan hatsin da masu dami ke auna musu suke cin shekara. Amma ba abinci kaɗai ke kai su ba. A can suke jin wa ya haihu, wa ke jinya, wace ce ta yi yaji, kuma a can suke yin lugude, wato su kewaye turmi su biyu ko uku suna sauke taɓare bi da bi, ana cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe ta, har sautin ya zama kamar kiɗa.

A kakar farko bayan kafa ƙarfen, sai wasu daga cikinsu suka fara kukan ciwon kai da jiri. Nan da nan magana ta cika gari cewa ƙarfen ne ke shan jininsu. Dagaci ya kira ni ya tambaye ni, a matsayina na wanda ya yi aikin lafiya. Na gaya masa gaskiyar abin da na sani: a karatuna, abin da ke isowa ƙasa daga irin wannan ƙarfe yawanci kaɗan ne ƙwarai, kuma ciwon kan yana iya zama daga hayaƙin janareto, ko rana, ko ƙaiƙayin gero. Amma na ce masa "yawanci" ba awo ba ne, namu ba a auna ba, kuma waɗannan mata suna wuni a gindinsa tun daga hantsi har la'asar. Na ba da shawara a dakatar da sussuka a wurin har masu awo su zo. Na ɗauka aikin makonni kaɗan ne. Aka zuba ƙaya aka rufe filin, ni kuma na fara rubuta takardu zuwa ga kamfanin da hukumomin da abin ya shafa, ina ajiye kwafin kowace.

Jama'a, kaka ta zo ta wuce, wata kakar ta zo ta wuce, ko amsar "mun samu" ba a aiko ba. A tsakani an cire janareton an sa sola, hayaƙi ya ƙare, amma ba wanda ya zo da na'urar awo. Matan suka watse. Masu dami suka koma kai geronsu inji a bakin titi, tsofaffin suka koma zaman ɗaki. Yaya Abu ta daina kiran sunana, sai dai ta ce "Malam Takarda". Idan na je gaishe ta, takan tambaye ni ko takardun nawa sun yi zangarniya, a zo a sussuke. Ban yi nadamar shawarar da na bayar ba, domin bisa abin da na sani a lokacin ita ce daidai, amma ina ganin yadda yayata ke ramewa, ba don yunwa ba, kuma ina jin zafin waɗanda suka bar ni ina amsa laifin da ba nawa ba.

To, wata ranar kasuwa ce cikin marka, gari ya yi tsit don yawancin mutane sun tafi Ɗambatta, sai aka ce mini ruwa ya janye ƙayar da ke bakin masussuka. Na ɗauki sanda na tafi da hantsi don in gyara. Filin ya cika da ciyawa har gwiwa, ƙasa jiƙe, gero kore shar ya kewaye ni ta kowace fuska, ko zangarniya bai gama fitarwa ba. Ina tsaye a tsakiyar wurin sai wayata ta yi ƙara, 'yata Rabi ce da ke aure a Bacirawa. Mun gaisa, ta tambayi mutan gida, sai ta yi dariya ta ce:

"Baba, ashe su Goggo sun koma? Ka ce musu ina gaishe su da aiki."

Na ce sun koma ina? Ta ce masussuka mana, ga lugude nan tana ji a bayana har yana danne maganata. Na waiga gabas, na waiga yamma, babu kowa sai ni da ciyawa. Na ce mata ta duba ko a maƙwabtanta ake daka. Ta ce maƙwabtanta duk inji suke kaiwa, kuma ita ba za ta kasa gane luguden garinsu ba. Na danna wayar a kunne, wallahi sai na ji shi: taɓare suna sauka bi da bi, ga tafi a tsakani, ga wani sauti kamar ana zazzage dami. Na sauke wayar daga kunnena, shiru, sai kukan kwaɗi. Na mayar, yana nan. Na ce inna lillahi.

Amma aikin da na yi ya koya mini in gwada abu kafin in ji tsoronsa. Na ce wa Rabi kada ta kashe, na taka na fita daga filin na nufi hanyar gari, sai sautin ya yi ta raguwa har ya ɓace, muryarta ta fito tangaran. Na juya na dawo, yana ƙaruwa da kowane taku. Na kashe na sake kira, haka. Na je gida na ɗauko wayar maiɗakina, wadda layinta daban ne, na dawo na kira wani abokin aikina na da a Rimin Gado ban gaya masa komai ba, kafin mu gama gaisawa ya tambaye ni ko biki ake yi a gidana.

Washegari na tafi wurin Yaya Abu. Ta saurare ni tana tsince wake, ta ce dama ta san takarda za ta taɓa ni wata rana. Sai da na rantse mata sannan ta aika aka kira Ladi. Ladi ta zo tana cewa idan aljanun waya ne suka karɓe musu sana'a, to a tambaye su ko suna neman mai shiƙa, ita tana nan. Muka tafi mu uku, na ɗaga musu ƙaya suka shiga, karo na farko tun da aka rufe wurin. Na kira Rabi na ce ta yi shiru kawai, na buɗe sifika.

Dariyar Ladi ta ɗauke. Yaya ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta tsuguna a cikin ciyawa, Ladi ta tsuguna kusa da ita, suka haɗa kai kamar masu karatun allo ɗaya. Ni ban san cewa ana gane mace da saukar taɓaryarta ba sai ranar. Yaya ta fara kiran sunaye a hankali, ta ce wannan mai nauyin Ladi ce, wannan da ke gaggawa wance ce, wannan kuma da ke bugun bakin turmi kafin ta sauke ita ce da kanta. Ladi tana gyaɗa kai, leɓenta yana motsi, ina jin addu'a take yi irin tasu.

Na yi ƙoƙarin kawo musu bayani, domin ni ma shi nake nema. Na ce wataƙila wani ne ya taɓa naɗar sautinsu a waya a shekarun baya, ya maƙale a na'urar kamfanin yana dawowa. Yaya ba ta ɗago ba. Ta ce in da na da ne, da an ji hannun marigayiya Inna Kande, wadda ba a taɓa lugude a filin nan babu ita ba sai kakar ƙarshe, wadda aka yi ta cikin rurin janareto, ga shi kuwa a wannan sautin babu hannunta, babu rurin. Ladi ta ƙara da cewa turamen ma sababbi ne, cikinsu bai yi zurfi ba, kuma na Yaya mai tsaguwa a gindi, wanda kowa ya san amonsa, ba ya ciki. Suka sake kasa kunne. Can sai Yaya ta ce:

"Akwai hannaye da ban sani ba, na yara mata, suna da yawa. Nawa kuma ya yi sanyi, ban taɓa daka a hankali haka ba. Wannan ba wanda muka yi ba ne. Wanda za mu yi ne."

Ta miƙo mini wayar, ta kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun ranar da aka zuba ƙaya. Ta ce in ci gaba da rubutun nawa, za a buɗe.

Na so in tsaya a nan, amma na yi alkawarin ba zan rage komai ba. A hanyar komawa na tambaye su ko sun ji hannun duk matan da suka bar filin da rai a cikin sautin. Suka dubi juna. Ladi ta gyara ɗaurin zanenta ta dubi gero. Yaya ta ce wannan ba na takarda ba ne, kuma har yau ba ta ƙara mini ko kalma ɗaya a kai ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, tun daga makon nan su biyun suka ɗauki al'adar zagayawa gidajen tsofaffin abokan aikinsu suna gaishe su, kuma akwai gidan da suka fi daɗewa a ciki. Ban bi su na ga ko wane gida ne ba. Ba na so in sani.

Sautin ya ci gaba 'yan kwanaki, mutane da dama sun ji, har da Dagaci, sannan wata safiya ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Da ma'aikacin da ke zuwa duba batiran ƙarfen ya zo na ba shi labari, ya ce layi kan haɗu da layi, kuma waya kan maido wa mutum amon wurin da yake. Na rubuta bayaninsa kamar yadda ya faɗa, domin adalci. Amma na tambaye shi amon me waya za ta maido a filin da babu komai sai ciyawa, ya yi murmushi ya ce shi batir aka aiko shi dubawa. Ni dai ban ce ƙarfen ne ya yi ba, ban ce aljanu ba ne, ban san mene ne ba. Na san dai Yaya Abu ta sa an sassaƙa mata sabon turmi, yana nan a zaurena a kife, kuma 'yan matan unguwa sun fara zuwa tsakar gidanta da yamma tana koya musu cilla taɓarya.

Shawarata ga masu karatu ita ce, idan za a kafa irin wannan ƙarfe a garinku, kada ku kore shi don tsoro, kada kuma ku karɓe shi ido rufe. Ku nemi a auna, a karanta muku sakamakon, tun kafin wani ya kwanta ciwo a fara zargi.

A ƙarshe, da sunan matan masussukar garinmu, ina gabatar da wannan buƙata ga hukumar da ke kula da harkar sadarwa, da hukumar kula da muhalli, da kamfanin da ya mallaki ƙarfen, waɗanda duk suna da sunan garin da nawa a takardun da ke ofisoshinsu. Ba mu nemi a tumɓuke ƙarfen ba, muna amfana da shi. Muna roƙon a turo ƙwararru da na'ura su auna tiririn da ke sauka a filin, a daidai inda mace ke tsayawa da turminta, a gaban Dagaci da matan da kansu, a faɗa musu sakamakon da Hausa. Idan babu cutarwa, a ba mu shaida a rubuce mu kwashe ƙaya. Idan akwai, a gyara, ko a samar musu wani fili. Muna kuma roƙon a binciki dalilin da ya sa aka bar takardunmu babu amsa tsawon wannan lokaci. Gero ya fara nuna, kuma ina roƙon a yi wannan aiki kafin a ɗaure damin farko, domin a cikin matan nan akwai wadda, bisa ga abin da yayata ta ji ta ƙi faɗa, ba ta da wata kakar da za ta jira.