Baiti na Uku

Jiya a kasuwar Sokode wata mai sayar da ƙore ta ƙwanƙwasa ƙwarya da zobenta, don ta nuna wa mai saye ba ta tsage ba. Sai na tsaya cik a tsakiyar hanya, har wani mai babur ya daka mini tsawa.

A Dapaong na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. 'Yar ƙabilar Moba ce, amma da Hausa take addu'a, domin a ƙaramar majami'ar bayan zango aka yi mata baftisma, cikin 'yan ci-rani. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. Ran Lahadi takan kifa ƙwarya a kan tsumma, tana bugawa da zobba, mata na amsawa. In damina ce, ruwa na dukan kwanon rufi, sai ta ƙara murya. Akwai wata waƙa tata mai baiti uku, ta tunkiyar da ta ɓata, wadda ta haɗa a shekarar da ta binne 'ya'ya biyu. Ba wanda ya taɓa rubuta ta.

Da aka tura ni lise, wato babbar sakandare, a Sokode na koyi piyano, na dawo hutu ina ji da kaina. Lokacin matasanmu sun fara sulalewa zuwa wata sabuwar majami'a mai jita da lasifika, abin na damun fasto, saboda haka da na ce a sayo kayan kiɗa bai yi musu ba. Sun kuwa dawo, kujeru suka cika. Wannan ban yi nadamarsa ba.

Abin da na yi wa waƙarta ne ke bina. Na ce tana da ja, na sa mata sauri, na tsayar da ita a baiti biyu. Ran da muka fara yinta haka, kakata ta ɗauko baiti na uku, ni kuwa na riga na koma amshi, lasifika ta danne ta. Ina ganin bakinta yana motsi. Ban rage sauti ba.

A gida ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Maigidana, ka iya kiɗa. Amma inda ka yanke, nan ne aka samo tunkiyar."

Dariya na yi. Daga ranar ba ta sake ba da waƙa ba.

Shekaru suka shuɗe, ta rasu ana yankan gero. Fasto ya gaya mini ta roƙa a yi mata waƙar nan cikakkiya a bakin kabari. Muka yi baiti biyu, sai waƙar ta tsaya. Matan suka dubi juna. Muryar tana kansu, kalmomin sun tafi. Wata ƙawarta ta faro na ukun, ta kasa, ta rufe fuska da mayafi.

Yanzu ni ke jagorantar mawaƙa a majami'armu ta Sokode. Muna da piyano, muna da jita, amma kowace Lahadi akwai waƙa ɗaya da nake sa a kashe wutar kayan kiɗa tsofaffi su yi, ina ɗauka a waya. Ina koya wa yara baiti biyun nan. Kullum sai an samu mai tambaya ko an ga tunkiyar.

Nakan ce an gan ta, kakata ta faɗa mini. Yadda aka samo ta ne ban sani ba.